A Binciki Tiyatar Huda Ciki a Asibitocinmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan tiyatar mata wadda ake yi ba tare da an tsaga ciki ba. Likita kan yi huda uku ko huɗu, kowace kimanin santimita 1, ya hura iskar kabon dayokzaid domin ciki ya buɗe, sannan ya zura siririyar kyamara yana aiki yana kallon allo. Da ita ake cire ƙarin mahaifa, da ƙullutun ƙwan mace, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma tun 1988 Dakta Harry Reich ya cire mahaifa ɗungurungum ta wannan hanya a Amurka.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin mata ya san darajar wannan ci gaba. Matar da aka tsaga kan yi kwanaki tana dafe ɗinki in za ta yi tari, alhali wadda aka huda takan koma ɗakinta cikin kwana 1 ko 2, ga ƙarancin zubar jini da ruɓewar rauni.

Sai dai bincike ya nuna ba kowace cuta ta dace da ita ba. A 2018 aka wallafa sakamakon wani gwaji mai suna LACC, wanda ya kwatanta tiyatar huda da ta tsaga ciki a kan mata 631 masu sankarar bakin mahaifa a matakin farko, inda aka gano cewa cutar ta fi dawowa, kuma an fi samun mace-mace, a cikin waɗanda aka huda. Wannan ya sa manyan asibitocin duniya suka koma tsaga ciki a kan wannan cuta.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin irin wannan bincike ba a kan matanmu aka yi shi ba, su da kan jure ciwo sai ƙari ya kai girman cikin wata 6 kafin su je asibiti. Katsina kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a asibitin Babbar Ruga Dakta Kees Waaldijk ya riƙa rubuta bayanin kowace mai yoyon fitsari da ya ɗinka, har likitocin ƙasashe suka ɗauki darasi.

Ina kira ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Turai 'Yar'aduwa su haɗa kai da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wajen horar da likitoci, da buɗe kundin da zai bi diddigin kowace mace bayan sallama, a san girman ƙarinta, da kuɗin da iyalinta suka kashe, da ko ta samu haihuwa daga baya.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.