Kafin a Yanke wa Asibiti Hukunci, a Tambayi Halin da Maras Lafiya Ke Ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi tsokaci a kan yadda ake auna ingancin asibiti da yawan waɗanda suka rasu a cikinsa, ko yawan waɗanda aka sallama suka sake dawowa. Lissafin yana da amfani, amma rabinsa ake yi. Mutum biyu kan zo da ciwo iri ɗaya, likita ɗaya ya duba su, ya rubuta musu magani iri ɗaya, wannan ya warke, wancan a dawo da shi ranga-ranga. Sau da yawa bambancin yana gida: akwai abinci ko babu, akwai kuɗin mota ko babu, ya iya karanta takardar maganin ko bai iya ba, yana da mai jinya ko shi kaɗai yake.

Ba zato ba ne. A 1967 aka fara binciken Whitehall a Landan, aka bi ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000. Dukkansu suna da albashi, suna da damar ganin likita kyauta, amma mace-macen na ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku, kuma shan taba da hawan jini ba su bayyana duk wannan tazara ba. Rahoton kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008, wanda Michael Marmot ya jagoranta, ya kawo misalin birnin Glasgow na Birtaniya, inda tsawon rayuwar namiji a unguwar Calton yake shekara 54, a Lenzie kuma 82, alhali 'yan kilomitoci ne tsakaninsu.

Ciwon suga ya fi nuna abin ƙarara. Insulin, da ƙwayoyi irin su glibenclamide, suna sauke suga ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Wanda abincinsa ya ƙare amma ya ci gaba da bin umarnin likita sau da ƙafa, shi ne sugansa zai faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL na awon suga, jiki ya hau rawa, zufa ta keto, ya ruɗe, wani lokaci ya suma. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan asibitocin jihar Kalifoniya ya gano cewa kwantar da masu ƙaramin ƙarfi saboda faɗuwar suga yana ƙaruwa da kashi 27 cikin 100 a makon ƙarshe na wata idan aka kwatanta da makon farko. Ba a ga hakan ga masu hali ba. Ga kuma batun ajiya. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma takan yi kamar mako huɗu idan zafin ɗaki bai wuce digiri 30 ba. Inda babu firji zafi yana rage mata ƙarfi, likita ya ga suga ya ƙi sauka ya ƙara yawan allurar, ranar da aka buɗe sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi sai mutumin ya yanke jiki ya faɗi. Ba wanda ya yi sakaci a nan. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba: ina kake ajiye maganin?

Haka tarin fuka. Maganinsa wata shida ne, wata biyun farko ƙwaya iri huɗu, sauran wata huɗun iri biyu. Bayan 'yan makonni tari ya lafa, ƙarfi ya fara dawowa, shi kuwa mai neman na yau da kullum duk zuwa asibiti asarar yini ce da kuɗin mota. Sai ya daina zuwa, a rubuta a katinsa cewa ya gudu, cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko. A jihar Jharkhand ta Indiya an gwada bai wa iyalan masu tarin fuka tallafin abinci kowane wata, sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna kamuwa a cikin gidajen ta ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin 100.

To, a nan ne ma'aunin inganci ke kuskure. A 2012 shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ya fara cin tarar asibitocin da majinyata ke yawan dawowa cikin kwana 30 da sallama, tarar da daga baya ta kai har kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ake biyan asibitin. Asibitocin da ke karɓar talakawa su suka fi shan ta, aka rage kuɗi a inda aka fi buƙatarsa. An bar jaki ana dukan taiki. Sai da wata doka ta 2016 ta sa aka raba asibitocin rukuni biyar gwargwadon yawan talakawan da suke dubawa, kowanne a kwatanta shi da tsararsa.

Amma kada a ɗauka muna nema wa asibitoci mafaka ne. Akwai abin da talaucin maras lafiya ba ya shiga cikinsa ko kaɗan: wanke hannu, auna hawan jini, ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya kafin a fara tiyata, duba mai jego a kai a kai bayan haihuwa don kada jini ya ɓalle ba a sani ba. Waɗannan ba a yi wa kowa rangwame a kansu. Sakamakon da ya dogara da gida shi ake rarrabewa, kuma a ganinmu gara a buga shi kashi-kashi, na masu hali daban, na marasa hali daban, da a narkar da su a lamba ɗaya da za ta ɓoye tazarar.

Hakan ba ya yiwuwa sai an tambaya an rubuta. Game da abinci tambaya biyu sun isa: a cikin wata 12 da suka wuce, kun taɓa fargabar abinci zai ƙare kafin ku samu na sayen wani? Ya taɓa ƙarewa kuka rasa na saye? A ƙara da sufuri, da wurin kwana, da wanda zai kula da shi idan ya koma. A tambayi kowa, ba sai wanda tufafinsa suka nuna ba, kuma a keɓe, don mutum ba ya faɗin babu a gaban jama'a. Kundin cututtuka na ICD-10 ma ya tanadi lambobi, daga Z55 zuwa Z65, na rubuta irin waɗannan matsaloli, sai dai ba a cika amfani da su ba. Inda abin ke lalacewa shi ne a yi tambayar alhali babu inda za a tura mutum. Ya faɗi sirrinsa sau ɗaya bai ga komai ba, ba zai ƙara ba. Saboda haka a fara tanadar sunayen wuraren da ke ba da tallafi kafin a fara tambaya.

Sauran gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Mai ciwon suga da abincinsa ba tabbas, a zaɓa masa maganin da ba ya kayar da suga idan jikinsa zai ɗauka, a koya masa shan kamar giram 15 na sukari da zarar ya ji alamun, ya sake auna sugansa bayan minti 15. Na nesa a haɗa masa gwaji da ganin likita a rana ɗaya. Wajen sallama kada a ce "ka gane?", domin kowa zai ce e. A ce masa, "Baba, faɗa mini yadda za ka sha wannan idan ka koma gida." A karɓi lambar waya biyu, a kira cikin kwana biyu ko uku.

Roƙonmu ga wakilanka, Malam Edita, idan hukuma ta miƙa musu jerin asibitocin da suka yi fice da waɗanda suka gaza, su tambayi su wa kowanne ke dubawa, daga wace tazara suke zuwa, kuma kashi nawa ne cikinsu suka iya sayen maganin da aka rubuta musu.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya