A san abin da ke zubar da gashi kafin a sayi man tsiro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan zubewar gashi, domin tallar man da wai ke tsiro da gashi cikin mako biyu ta cika kasuwannin Katsina da wayoyin mutane. Gashi bai wuce kimanin santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata ba, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Idan ya wuce haka, akwai dalili, kuma kowane dalili da maganinsa.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce ta kitso. Ƙananan kitso da ake ja har fatar goshi ta ɗaga, da ƙarin gashin kanti mai nauyi, suna wahalar da saiwar gashin goshi da na saman kunne. Alamar farko ita ce ciwon kai a daren da aka yi kitson, da ƙananan ƙuraje a bakin gashi. Idan aka tsefe a lokacin aka koma kitso sassauƙa, gashin yana dawowa. Idan kuwa aka ɗauki shekaru ana ja, saiwar ta mutu, wurin ya yi sumul yana sheƙi, to babu man da zai tsiro da komai a can. Iyaye mata, don Allah, yarinya ta ce kitso ya yi zafi, a sassauta mata. Man miƙar da gashi kuma kada a maimaita shi kafin mako 8, a shafa a sabon tsiro kaɗai, a wanke tun kafin ya fara ƙuna.

Mai jego takan ga gashi ya cika mataji wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa. Sauyin sinadaran jiki ne, yana tsayawa da kansa, galibi kafin jariri ya shekara. Haka yake faruwa bayan taifot ko zazzaɓi mai tsanani. In ya zarce wata shida, a gwada jini a duba ƙarancin sinadarin ayon da aikin thyroid, wato ƙullin gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa, amma shayi a kan abinci yana rage ayon da jiki ke tsotsa.

Sai makero a kan yara, wanda ke yawo ta aska, kilifa, hula da mataji, musamman a tsangayu da makarantun kwana. Wurin yakan yi zagaye da fari-fari, gashin ya kakkarye. Kuskuren da ake yi shi ne dogaro da man shafawa, wasu har da man birki, wanda ƙona fata kawai yake yi. Cutar a cikin silin gashi take, sai da maganin sha. Likita kan ba da griseofulvin, miligiram 20 zuwa 25 ga kowane kilo na nauyin yaro a kullum, tsawon mako 6 zuwa 8, ana sha da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki. Wanda ya daina a mako na biyu don ya ga sauƙi, cutar za ta dawo. In wurin ya kumbura yana ruwa kamar maruru, kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Akwai kuma zubewar da ke barin fili zagaye, sumul, ba ƙaiƙayi, wadda ake yawan dangantawa da sammu. Garkuwar jiki ce ke far wa saiwar gashi. Sau da yawa yakan dawo cikin shekara, kuma allurar triamcinolone a wurin duk mako 4 zuwa 6 tana hanzarta shi.

Sanƙo kuwa gado ne, ta wajen uba ko ta wajen uwa, ba hula ko rawani ke kawo shi ba. Wani sinadarin maza mai suna DHT ne ke ƙanƙanta saiwa har gashin ya siranta ya ɓace. Magunguna biyu ne aka fi tabbatar da aikinsu. Minoxidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne kuma Amurka ta amince da shi don sanƙo a 1988, ana ɗiga mililita ɗaya na mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a busasshiyar fatar kai safe da dare, ba a kan gashi ba, sannan a wanke hannu. A makonnin farko zubewar takan ƙaru, a nan ne mutane ke tsorata su bari, alhali tsohon gashi ne ke ba sabo wuri. Ba a ganin amfani sai bayan wata 3 zuwa 6, kuma in aka daina, abin da ya tsiro zai zube cikin 'yan watanni. Finasteride, miligiram ɗaya a rana, na maza ne. Yana rage DHT, amma kaɗan daga masu shansa kan sami raguwar sha'awa, mai ciki kuma ko fasasshiyar ƙwayar kada ta taɓa, don tana iya cutar da ɗa namiji a ciki. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya yi, daga ƙeya ake ɗebo shi a mayar gaba, bai hana ragowar ci gaba da zuba.

Mai wannan matsala ya nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko ya fara da babban asibiti mafi kusa, tun saiwar na da rai. Ku kuma a jarida, ina roƙon duk tallar maganin gashi da aka kawo muku, ku nemi lambar NAFDAC da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su kafin ku buga.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya, Ƙofar Ƙaura, Katsina.