Ka Riƙe Kuɗinka Tukuna, Kar Ka Sayi Bakin Injekta

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya yara, ya kuma ruwan Fatakwal? Mu nan Kano damina ta yi albarka, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, kuma hankalina ya tashi da na ji abin da Camry ɗinka ta yi maka a tsakiyar titi, ga iyali a ciki. Ka ce wutar cek ta kama, ka taka totur har ƙasa amma mota sai rarrafe, ka kashe ka tayar ta dawo daidai, bayan kwana biyu ta maimaita. Yanzu an ce ka kawo kuɗin sabon bakin injekta, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji. Don Allah ka dakata.

Motocin da muka koyi aiki a kansu, irin su Fijo 504, kebur ne ya haɗa ƙafarka da kafireto. Taka ta 2008 ba ta da wannan kebur. In ka taka, sensa ce ke sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci wani ɗan moto da ke jikin bakin injekta ya buɗe faifan da iska ke shiga. Sensa biyu ke ba da rahoton yadda faifan ya buɗe, da gangan aka yi su biyu, kamar shaidu. Da zarar maganarsu ta saɓa, sai ƙwaƙwalwa ta yanke wa moton wuta, sifirin ya mayar da faifan ya bar 'yar kafa kaɗan, daidai yadda za ka lallaɓa ka sauka gefen hanya. Rarrafen nan da ya tsorata ka, kare ku motar ta yi.

Ka sa a jona mata kwamfuta, kuma ka rubuta lambar da ta fito da hannunka kafin a goge. In P2135 ce, shaidun nan biyu ne suka saɓa. P2138 kuwa tana nuni ga sensar fedar da ke ƙarƙashin ƙafarka, ko ka sauya bakin injekta sau goma ba za ta tafi ba. In ka ga P2118, a fara buɗe akwatin fiyus na cikin bonet a duba wanda aka rubuta wa ETCS, don a Toyota sau da yawa shi ne ya ƙone.

Amma ni zuciyata ta fi karkata ga soket ɗin da wayoyi ke shiga bakin injekta, saboda laimar garinku da yadda matsalar ke zuwa tana tafiya. Watan jiya aka kawo mini Corolla, mai ita ya riga ya sayi bakin injekta har biyu. Na cire soket ɗin na haska da tocila, sai ga ɗaya daga cikin filoli shida ya yi kore shar da tsatsa. Ashe duk Juma'a sai an wanke masa inji da ruwan matsi. Na kankare, na matse filin, na auna na ga ƙarfin wuta bolt 5 ɗin da sensa ke buƙata ya iso cif. Har yau bai dawo da kuka ba. Ka ce wa rewayanka ya bar inji a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ya riƙa motsa wayoyin da hannu yana kallon kwamfuta. In ma'aunin sensa ya yi tsalle, ya kama ɓarawon.

In an buɗe an tarar da baƙin datti ya yi zobe a gefen faifan, wanki yake so. Sai dai kar ka bari a tsoma shi cikin fetur, wannan ɗabi'a tana ci mini rai, domin ruwan na bi ta sandar faifan ya shiga wajen moto da haƙoransa na roba. A fesa maganin a tsumma mai tsabta a goge, makulli a kashe. Ɗan moton nan yana da ƙarfin da zai datse yatsa. Bayan wanki silo na iya hawa sama, saboda ƙwaƙwalwa ta saba da datti. A cire kan batir na 'yan mintuna, a mayar, a bar inji ya yi zafi ba tare da an kunna AC ko fitila ba, za ta koyi sabon ma'auni. A duba matatar iska ma da robar da ke bayanta, ko ta tsage.

In duk an bi wannan kuma ya tabbata bakin injektan ne ya mutu, ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsa ka turo mini. Zan shiga Ƙofar Ruwa da kaina in nemo na asali mai lamba ɗaya, in gwada shi a nan kafin in ba direba ya kawo maka. Kafin nan kar ka hau doguwar hanya da ita, musamman da dare.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Ina jiran lambar.

Naka,
Amininka na gareji