Aikin sa kai a babban cocin Kano da abin da ya haifar a ƙauyenmu

Ya Edita,

Gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, tare da fatan kuna lafiya. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Ni Bahaushiya ce, Kirista 'yar ɗarikar Katolika, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Tudun Wada. Kakannina Maguzawa ne, a nan aka binne cibiyarsu. Rabin danginmu Musulmi ne. Da Sallah su aiko mana tuwo da nama, da Kirsimeti mu aika musu shinkafa. Amma duk ranar da na ga labarin coci daga yankinmu a jarida, to rikici ne ya tashi ko an yi rashi. Akwai wani labarin da nake cikinsa tsundum, shi ne ban taɓa ganin an buga ba.

Sau ɗaya a wata nakan shiga mota in bi ta Kwanar Dangora zuwa Kano, in kwana wurin ƙanwata, don in yi aikin sa kai a babban cocinmu na Our Lady of Fatima da ke Sabon Gari. Nan ne kujerar Bishop John Namaza Niyiring, wanda yake riƙe da dayosis ɗin Kano, wato yankin cocin da ke ƙarƙashinsa, tun 2008, dayosis ɗin da ya haɗa Kano da Jigawa baki ɗaya. Zuwana na farko gab da Ista ne, ranar da bishop yake sa wa man shafawa na ibada albarka, fada-fada, wato limaman coci, daga kowace kusurwa su zo su karɓa. Mu 'yan Zumuntar Mata muka je da buhun masara da kaji. Na ga taro ya fi ƙarfin masu aiki, sai na gyara ɗaurin zanina na ɗauki tsintsiya. Ba wanda ya tambaye ni takardar makaranta. Daga nan aka san ni: shara, goge bencina, wanki da gugar kayan bagadi, nuna wa tsofaffi wurin zama.

Aikin da ya fi shiga raina kuwa a wajen katangar coci yake. Wata uwa ce ta ja ni cikin ƙungiyar St Vincent de Paul mai taimakon mabukata, wadda wasu ɗaliban jami'a suka kafa a birnin Paris na Faransa a 1833, ciki har da Frédéric Ozanam, yana ɗan shekara ashirin. Tsarinsu biyu ne suka burge ni. Ba sa jiran mabukaci ya zo ya tsaya a layi, su suke zuwa inda yake, mutum biyu-biyu. Sannan a wurin taro ana zagayawa da jaka, kowa ya cusa hannunsa a dunƙule, ba wanda ya san ko naira hamsin ka sa ko dubu biyar. Mace irina da ta sayar da kaza ta yi kuɗin mota ba ta jin kunyar zama kusa da mai shago.

Wata Asabar muka je dubiya wani asibiti. A can ƙarshen ɗaki akwai wani dattijo daga wajen Ringim, ƙafarsa a naɗe, ɗan da ke jinyarsa ya koma gida neman kuɗin magani. Abokan tafiyata mutanen kirki ne, amma Hausar kasuwa suke ji. Suka tambaye shi ko yana bukatar wani abu, ya ce alhamdu lillahi, babu. Har za mu wuce, na lura kwanonsa a kife yake, ko alamar danshi babu. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida uba: Baba ina wuni, yaya ƙarfin jiki, yaya aka baro mutanen gida, ya shuka ta yi? Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ke 'yar wane gari ce?" Sai da muka daɗe muna hira kafin ta fito cewa tun jiya da safe bai sa komai a bakinsa ba. Mutumin karkara ba ya buɗe baki ya ce wa baƙo yana jin yunwa, kara da kunya ba za su bar shi ba. Muka sayo masa koko da ƙosai, na roƙi wani saurayi da ke jinyar mahaifinsa a gadon kusa ya riƙa taimaka masa da ruwan alwala. Ya ga sarƙar gicciye a wuyana sarai, ya sa mini albarka har sai da na yi hawaye. Ranar na gane cewa Hausata da tarbiyyar ƙauye, waɗanda na ɗauka ba a bakin komai suke ba a birni, su ne abin da na kawo.

Da na koma gida na yi ta tunani, ashe wannan ai gayya ce, wadda iyayenmu suke yi tun kafin a gina coci ko masallaci a garin. Sai muka fara namu. Muka yi jaka irin waccan. Muka rubuta sunayen masu babur da suka yarda a tashe su ko tsakar dare idan naƙuda ta zo wa mace da gardama, jakar ta biya kuɗin mai. Muka gyara famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a lalace. Bana samari sun yi wa gwauraye mata uku noma da girbi, biyu Musulmi, ɗaya Kirista. Katikis, malamin cocin ƙauyenmu, ya yi sanarwa ranar Lahadi, Malam liman ya yi bayan sallar Juma'a.

Ba a rasa masu zargi ba. Wani kawuna ya ce mini a fili dabara ce ta jan mutane zuwa coci. Ban yi fushi ba, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma kowane ɓangare yana da abin da yake tunawa. Muka zauna muka yanke cewa ba a yin wa'azi a kan taimako, kuma jakar tana hannun uwargidan liman, littafin lissafi yana hannuna. Kawun nan yanzu shi yake kawo mana kwano biyu na gero duk kaka.

Ina kira ga 'yan'uwana masu aikin sa kai a birni, musamman nas-nas da malaman makaranta, su riƙa leƙo karkara ko sau ɗaya a wata uku. Yawancin marasa lafiyar da suke tararwa a asibitin Kano daga wurinmu suke, kuma sai ciwo ya ci jiki muke isa.

Kai kuma, Malam Edita, ka turo mana wakilinka. Ya bari sai bayan kaka, don da damina rafi yakan cinye hanyar. In ya sauka a bakin titi ya hau babur, ya ce a kai shi gidan katikis ko gidan liman, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Taka mai karatu,
daga karkarar Tudun Wada, Jihar Kano.