Wasiƙar godiya ga kamfanin Ruger kan bindigar 10/22

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin Sturm, Ruger & Co., Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin mu gode muku kan bindigar wasanni ƙirar 10/22. Mun rubuta ta da Hausa saboda 'yan'uwanmu mazauna Amurka masu sha'awar harbin saiti su san dalilin godiyar kafin su kashe kuɗinsu.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a kayan harbi maganar takan tabbata, domin bindiga mai arha sau da yawa ita ce mai cijewa, wadda in wani abu ya karye a jikinta ba a samun madadinsa. Taku ta fita daban. Tun 1964 da kuka fito da ita a kan dala 54.50, ba ku sauya ainihin ƙirarta ba, kuma har yau mai ƙaramin ƙarfi yana iya samun samfurin farko, wato mafi sauƙin kuɗi a cikinsu, a kewayen dala 300, gwargwadon shago da jiha. Nauyinta kilo 2.3 ne, tsawonta santimita 94, bututun kuma inci 18.5. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta ba ta firgita sabon shiga, don haka mai koyo yana tattara hankalinsa kan numfashi da saiti da jan kunama, ba kan tsoron abin da ke hannunsa ba.

Bindiga ce mai ɗura wa kanta harsashi, amma kowane jan kunama harsashi ɗaya yake fitarwa. Ƙarfin albarushin da ya tura dalma gaba shi ne yake tura sakata (ƙarfen da ke rufe gindin bututu) baya, ƙugiya ta cafko kwanson da aka harba a wurgar da shi, sifirin ya dawo da sakatar gaba ta kwaso sabon harsashi. Iyakar aikin ke nan, kuma ƙarancin kayan ciki shi ne sirrin arharta da ƙarkonta.

Abin da muka fi yaba muku shi ne magazin, wato gidan harsashi, mai cin harsashi 10. Harsashin da take ci, wato .22 LR, yana da leɓe a gindinsa, kuma a magazin da ake jera su ɗaya bisa ɗaya, leɓen na sama yakan maƙale a bayan na ƙasa, bindiga ta cije. Ku kuwa kun sa wani abu mai juyawa a ciki, kowane harsashi da gurbinsa, ba ya hawa kan ɗan'uwansa. Bakin magazin ɗin na ƙarfe ne, ba ya saurin cinyewa, kuma yana shigewa cikin ƙota gaba ɗaya, ba ya leƙowa ya hana mai harbi kwanciya rub-da-ciki. Haka nan bututun noti biyu ne kawai suke riƙe shi ta hanyar wani ɗan ƙarfe mai siffar V, wanda ya sa sauya shi ba ya cin kuɗi. Da yake an ƙera miliyoyinta, babu wani ɗan sifirin ko fil a jikinta da za a nema a rasa.

Muna kuma gode muku kan littafin bayani da kuke sawa a kwali tare da kwaɗon kulle bindiga. Kun buga gargaɗi a jikin bututun kansa cewa a karanta littafin kafin a yi harbi, kuma kuna bayar da shi kyauta ga duk wanda ya nema. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda ya sayi ta hannu, mai ita na farko ya ɓatar da takardu.

Ga 'yan'uwa masu niyyar saye, ga yadda abin yake. Ana zuwa wurin dillali mai lasisin gwamnatin tarayya da katin shaida mai hoto da adireshin da mutum yake zaune yanzu. Za a cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, dillali ya tura bayanan ga tsarin bincike na NICS da ke ƙarƙashin FBI. Amsa uku ce: a ci gaba, a dakata, ko an hana. A dokar tarayya shekara 18 ce mafi ƙaranci ga doguwar bindiga, amma jihohi suna ƙara nasu sharaɗin. A Fulorida da Kalifoniya sai mai shekara 21, in ban da 'yan keɓantattun yanayi. A Ilinoi sai da katin FOID, wato katin shaidar mai mallakar bindiga da jihar ke bayarwa. A jihar New York kuwa, tun Satumbar 2022, sai da lasisi na musamman ake sayen doguwar bindiga mai ɗura kanta. Mai katin zama na dindindin yana da damar saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara doka ta hana shi, sai in ya faɗa cikin wani keɓancewa, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Abu biyu muke roƙo da babbar murya. Kada kowa ya cike fom da sunansa don ya saya wa wani, ko da ɗan uwa ɗaya uba ɗaya ne, domin dokar 2022 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 a kan haka. Kada kuma a cusa bindiga ko harsashi cikin kayan kwantena zuwa gida: fitar da su daga Amurka sai da izini, kuma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta mallaka ba tare da lasisi ba.

Kuɗin bindiga ba shi ne ƙarshen lissafi ba. A tanadi toshiyar kunne, tabarau mai kare ido, igiyar goge bututu, ɗan man bindiga, magazin na biyu, da akwati mai makulli. Harsashi ana sayar da shi a kwali mai 50 ko babban kwali mai 500. A fara da mai dalmar da nauyinta giren 40 ne, wato kimanin giram 2.6, mai gudun da ya kai ƙafa 1,200 a daƙiƙa, irin su CCI Mini-Mag, domin sabuwar bindiga sifirinta yana da tauri, kuma harsashi mai rauni ba ya tura sakata har ƙarshe. Kada a sa mata gajeren harsashin nan .22 Short, ba don shi aka yi ta ba.

Mafi yawan abin da ake ɗora wa bindigar laifinsa, daga harsashi ne ko datti. Idan aka ja kunama aka ji ƙyas ba tashi, yawanci sinadarin da ke tayar da wuta ne bai zagaye leɓen kwanso daidai ba, allurar da ke dukan gindin harsashi ta daki gurbin da babu komai. A bar bakin bindiga yana kallon allon saiti na daƙiƙa 30, sannan a ja sakata a fitar da harsashin. Idan kwanso ya maƙale a bakin tagar da yake fita ta ciki bai fita ba, ko dai harsashin ba shi da ƙarfi, ko makwancinsa a gindin bututu ya cika da kaki da baƙin hayaƙi, ko kuma ƙugiyar ta dakushe. Harsashin .22 LR ana shafe shi da kaki, kuma idan kakin ya haɗu da mai da yawa sai ya zama danƙo ya riƙe sakata, shi ya sa ɗigo biyu ko uku na mai sun wadatar. Mafi haɗari shi ne a ji ƙara maras ƙarfi, ba kamar yadda aka saba ba. A tsaya nan take, a cire magazin, a buɗe sakata, a duba bututu, domin wataƙila dalma ta tsaya a ciki, kuma harbi na biyu a kanta yana kumbura bututu.

Akwai wani hali nata da kowane mai koyo ya kamata ya haddace: sakatar ba ta tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, kuma cire magazin ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga makwanci. Don haka a cire magazin tukuna, a ja sakata baya, a kulle ta, a leƙa da ido. Maɓallin tsaro yana gaban kunama. In jan zobe ya bayyana, a shirye take ta tashi.

Wankinta bayan harbi kamar 500 ya isa. Bayan an tabbatar babu komai a ciki, a kwance zoben da ke riƙe bututu da ƙota, a sassauta noti ɗaya da ke ƙasa gaban magazin, sannan a tsayar da maɓallin tsaro a tsakiya, domin in ya karkata gefe ɗaya zai kankare katako wajen fitowa. Fil biyu ne ke riƙe da gidan kunama. A goge bututu da igiya daga baya zuwa gaba. Zura sandar ƙarfe ta baki ba da kula ba yana cinye gefen bakin, saiti ya lalace. Mai ɗaura madubin hange kada ya matse notin da ƙarfi, saboda jikin na alminiyam ne, zaren ramin yana saurin cinyewa. Gyaran saiti a fara shi daga yadi 25, a harba biyar, a dubi tsakiyar inda suka taru, sannan a matsar da saitin baya zuwa ɓangaren da ake so harsashi ya koma.

Kada ƙanƙantar harsashin ta ruɗi kowa. Yana iya tafiya kilomita 2.4, kuma yana tsalle in ya daki ruwa ko dutse, don haka ba a harbi sai da tudun ƙasa a bayan allo. A wanke hannu bayan harbi saboda dalma, a ajiye bindiga a kulle, harsashi a wani wuri daban, musamman a gida mai yara.

Muna roƙonku da ku ci gaba da riƙe samfurin farko a farashin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci za su iya, ku kuma ci gaba da sa kwaɗo da littafi a kowane kwali. Allah ya ƙara wa sana'arku albarka.

Mu ne naku,
Wasu Hausawa masu koyar da harbin saiti, mazauna Amurka.