Zuwa ga mutumina na Kumasi

Assalamu alaikum, Bazazzage bawan Kanawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina iyali, ina yara, ina fama da aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Shirun ya yi yawa, kuma kada ka soma cewa laifina ne, domin tun da ka canja lamba sai a bakin ƙanenka nake jin labarinka, shi ma sai na tare shi bayan sallar Juma'a. An ce ka ajiye tumbi. An ce har Hausarka ta fara komawa ta Zango. Idan gaskiya ne, ranar da za ka dawo Zariya ka shiga da daddare.

Rigima ce ta sa na zauna rubuta maka wannan, kuma kai kaɗai na san za ka fahimce ni ba sai na yi ta rantsuwa ba. Ka tuna Alhajin nan na Kantin Kwari mai Corolla ruwan toka, wanda ya taɓa riƙe mana kuɗin aiki har bayan Babbar Sallah? To injin motarsa ya buga a hanyar Wudil, kuma ya kafe a kan ni ne sila. Hujjarsa ita ce ranar da aka yi mata juye a garejina, direbansa yana tsaye ya ga yaro ya ɗaura sabuwar filta ba tare da an cika ta da baƙin mai ba. Wani a majalisarsu ya ce masa ai duk makaniken da ya ɗaura filta a bushe ya gama da inji. Shi ke nan, ya kai ƙarata wurin shugabannin ƙungiyar makanikai, wai in saya masa inji ɗan Beljiyam. Ka dai san abin da inji ya kai yanzu. Ko garejin na sayar da tayoyin da ke jingine a bango, sai an yi min ciko.

Kuma fa tsakanin juyen da bugawar an fi wata guda, motar tana ta zirga-zirga har Dutse.

Kai ka san cikin filta fiye da ni, amma bari in jera maka bayanin da na shirya yi a gaban ƙungiya, ka duba ko akwai inda za a kama ni. Famfo yana ɗebo mai daga kwanon ƙasan inji, ya tura shi cikin filta ta ƙananan hudojin nan da suka kewaye bakinta. Man ya ratsa takarda, datti ya tsaya, mai tsabta ya fito ta babbar hudar tsakiya inda ake murɗawa, daga nan kai tsaye sai metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, da kan inji. Idan filtar wayam take, dole sai famfo ya cika ta kafin mai ya wuce, shi ya sa jar butar nan ta dashbod, fitilar gargaɗin mai, take ɗan jinkiri kafin ta mutu. To a Corolla irin ta Alhaji wane jinkiri ake magana? Littafin motar da kansa ya nuna bambancin man da ake zubawa in an canja filta da in ba a canja ba lita 0.2 ne kacal. Kafin ka saki ki ka gyara zama famfo ya cika wannan. Sannan metal ɗin ba ƙamas yake ba, tsohon man yana nan manne a jikinsa, inji yana silo ba a taka totur ba, babu nauyi a kansa. Motar da ta kwana da filtar da robar cikinta ta saki, man ya tsiyaye ya koma ƙasa, kusan irin wannan tashin take yi kowace safiya, kuma ba mu ga ta mutu a wata guda ba.

Na je gida na gai da Oga, ƙafar ta matsa masa, yanzu sai a kan tabarma a zaure ake samunsa. Yana tambayarka, ya ce har yanzu sifanarsa mai lamba 17 tana wuyanka har gaban Allah. Ina kawo masa zancen ya murtuke. Shi a wurinsa babu wata tattaunawa, tun zamanin da ake haɗa Peugeot 504 a Kaduna yake cika filta kafin ya ɗaura, kuma ka tuna ranƙwashin da muke sha idan muka manta. Na yi shiru na bar shi ya gama, don ba a musu da Oga a gidansa. Amma da ya huce, da kansa ya ce dokar a kan manyan motoci ya koyo ta, su Mercedes da DAF, inda filta ɗaya take cin lita guda ko biyu. A nan kam maganarsa dutse ce. Babban injin dizal mai turbo, ka tashe shi filta babu komai, jinkirin ba na wasa ba ne, kuma turbo ba ya haƙurin ƙishin mai ko kaɗan.

Sai yaron nan nawa mai waya, wanda ba ya iya kwance noti ɗaya sai ya duba YouTube, ya zo da abin da ya ƙara dagula lissafi. Ya nuna min shafi daga littafin Caterpillar, sun rubuta ƙarara cewa kada a cika filta kafin a ɗaura, domin man da aka zuba bai bi ta takarda ba, yana iya ɗauke da datti ya ci inji. Ya sake buɗo na Cummins, su kuma suka ce a cika ta da mai mai tsabta, don jinkirin yana cutar inji. Kamfanoni biyu, duka na Amurka, duka masu ƙera injin dizal, kowa da nasa. Na ce masa to ai ga shi su ma ba su daidaita ba, balle ni da Alhaji. Abin da ya burge ni a na Cummins ɗin shi ne har gargaɗi suka yi a kan ledar nan mai ƙyalli da ake liƙe bakin galan da ita, wai a ɓare ta a hankali, kada a huda da wuƙa ɓarɓashi ya faɗa cikin mai. Mu kuwa da sukundireba muke cake ta, sukundireban da aka gama sosa tasha-tashan batir da shi.

A nan ne zancen ya tsaya min a rai, mutumina. Masu cika filta duk ta hudar tsakiya suke zubawa, wato ta ɓangaren da mai ya riga ya tacu. Daidai yake da ka tace gasara, ka ɗaga matacin, ka watsa tsaki a cikin ƙwaryar. Yanzu ka tuna garejinmu a cikin hunturu. Ka tuna mazurarin nan da aka yanko daga gorar ruwa, yana rataye a jikin darbejiya, ƙura ta yi masa riga. Ka tuna hannun yaron da ya gama kwance birki. Ƙwayar yashi guda ta bi ta wannan hudar, babu abin da zai tare ta sai metal. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan lallai sai an cika, ta ƙananan hudojin ya kamata a bi, a danna robar da wani abu mai tsabta, a zuba kaɗan-kaɗan takarda tana sha. Ka nuna min makaniken da ke da wannan haƙurin alhali motoci huɗu na jiransa, mai su kowa na duba agogo.

Sannan ba kowace filta ce ma take cikuwa ba. Ta Corolla ɗin Alhaji a tsaye take, bakinta sama, in ka so ka cika. Ta Accord kuwa a kwance take a bayan inji, kana cikawa kana murɗawa rabin man yana bin hannunka zuwa hammata, saura ya zuba a kan ƙarafa ya yi ta wari, mai mota ya dawo gobe ya ce ka bar masa yoyo. Da yawa daga Camry da Corolla na wajen 2010 zuwa sama takardar kaɗai ake canjawa a cikin gidanta. Ku can da Sprinter ta cika muku gari a matsayin trotro, motocin hayarku, ai filtarta ta sama ake zura ta, babu wurin zuba komai, kuma injinan suna nan suna ta jigila tsakanin Kumasi da Ankara.

Don haka ni dai ga inda na tsaya. Ƙaramar motar fetur, a shafa wa robar baki sabon mai, a murɗa da hannu har ta zauna, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, a tashe ta a bar ta a silo har butar ta mutu, a kashe, a jira kaɗan, a sake duba geji. Babbar mota mai turbo, filta a tsaye, a cika daga sabon galan da aka buɗe yanzu, a inuwa, nesa da iska. Injin da aka haɗa sabo ko motar da ta daɗe a ajiye, na fi son in zare fis ɗin famfon fetur in yi ta murza ki ba ta kama ba har mai ya hau, sannan in mayar. Abin da na ga yana kashe inji ranar juye kuwa ba wannan ba ne. Tsohuwar roba ce ta maƙale a jikin inji a ɗaura sabuwa a kanta, a hau titi man ya fece gaba ɗaya. Ko yaro ya tashi mota ya take totur har ƙasa don ya burge mai ita. Ko filtar jabu, wadda in ka yanka ta ba za ka sami komai ba sai 'yar takarda kamar ta rufe ƙosai da fenti mai kyau a waje.

Af, na manta ban faɗa maka ba, mai shayin bakin gareji ya ƙara aure, ta uku ke nan, kuma har yanzu madarar gwangwani ɗaya yake raba wa mutum shida. An yi walima, mun je, shayi aka ba mu. Kuma mai filin ya sake zuwa da zancen zai gina shaguna, kamar yadda yake yi duk shekara idan yana son ƙarin haya.

To mu koma kan Alhaji. An sauke kwanon ƙasa a gaban wakilin ƙungiya. Rariyar famfon mai ta toshe ɗam da dasƙararren datti da guntayen gam, gam ɗin da wani ya lafta a wani aiki da ba ni na yi ba. Na yanka filtar da muka ɗaura, takardarta lafiya, robarta lafiya. Ni dama tun ranar juyen na ga man ya fito baƙi ƙirin, da kauri, da ƙyar yake zuba, na ce wa direban a gaya wa Alhaji a sauke kwano a wanke. Amsar da ta dawo ita ce babu kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 haka mutane suka koma, kilomita 5,000 da muke ce musu sai su ninka, in geji ya sauka a tsaya bakin titi a ƙara na kwalba.

Abin da ke hana ni barci shi ne direban. Ya faɗa wa yarona a wurin shayi cewa butar ta fara ƙiftawa tun kafin su iso Wudil, ya yi magana, Alhaji ya ce a ƙarasa Kano tukuna, yana da baƙi a kasuwa. Wannan kalma ɗaya ta wanke ni tas. Amma in na fito da ita a gaban jama'a, Alhaji ba zai ce shi ya ce a wuce ba, direban zai kora, mutum mai 'ya'ya biyar da tsohuwa a gida. In na yi shiru kuma, sai dai in dogara da rariyar da abin da dattawan ƙungiya suka gani da idonsu, kuma biyu daga cikinsu 'yan makarantar Oga ne, masu cika filta tun suna yara. Uwargida ta ce in faɗi gaskiya kowa ya ɗauki kayansa. Ni kuma ina tunanin in sami Alhaji shi kaɗai a shago bayan la'asar, in nuna masa na san abin da ya faru a hanya, ko ya janye ƙarar ba tare da an tona kowa ba. Kai ka fi ni sanin halinsa, kai ka karɓo mana kuɗinmu wancan karon. Ran Asabar za a zauna.

Kana nan kana ta yabon Suame, unguwar makanikan Kumasi, wai babu abin da ba a ƙerawa. To a ƙera min abin kwance murfin filtar Camry, na ƙarfe mai kauri, domin wanda na saya a nan haƙoransa sun cinye. Ka haɗo da goro fari mai kyau na Hajiya, ta ce wanda ka aiko bara duk daushe ne, kuma ta ce in gaya maka ba ta manta alkawarin atamfa ba. Ka ba direban da zai kawo maka wannan takardar, mutumin kirki ne, amma kada ka ba shi kuɗi a hannu.

A gai da maiɗakinka da yara, a shafa min kan auta. Ka turo sabuwar lambar kafin Asabar.

Naka har kullum,
amininka na gareji