Wasiƙa daga gindin duwatsun Preseli

Assalamu alaikum mutumina,

Na san kana fushi, wata huɗu ba ko flashing, saƙonka na batun ranar ɗaurin aure ma na gani tun tuni. Ka yi haƙuri don Allah, ya Hajiya da jiki, ya su Yaya Babba, ya kuma mutuniyar taka da ka ce ba za ka ƙara kiranta ba, gashi yau har an sa rana?

Abin da ya ɓoye ni shine makaranta ta tura ni aikin koyon sanin makama a wata gonar tumaki a kudu maso yammacin Wales, wani ɗan ƙauye ne da ake kira Mynachlog-ddu a yankin Pembrokeshire. Kar ka wahalar da harshenka, ma'anarsa dai baƙin gidan sufaye. Gidajen a warwatse suke, nan ɗaya can ɗaya kamar ruga, in kana son kanti sai ka je Crymych. Yarensu na Welsh suke yi a gida da gona, har karnukan maigidan da shi yake musu magana.

Wallahi na zo da tunanin na san tumaki, ashe da saura. Tsaunin nan na kowa ne, ba shinge ba waya, garken gida kaza duk suna sama a sake, amma kowace tunkiya ta san iyakar wajen kiwonsu, ba ta tsallakawa. Uwa ce ke koya wa 'yarta, ita ma ta koya wa tata, haka ake ta yi tun kaka da kakanni. Suna da kalma ɗaya ta wannan abin, cynefin. Shi ya sa dattijon da nake wajensa ya ce min in ka sayar da garke gaba ɗaya to ba tumaki kaɗai ka sayar ba, don baƙin da za ka sayo ba su san dutsen ba, sai an yi shekaru ana fama. Kowane gida da irin tsagar da yake yi a kunne. Ranar da muka je kaɗo su, shi yana kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu yana fito, karnuka biyu suka zagaya ta bayan tudu, kafin ka ce me sai ga su suna gangarowa fari fat cikin hazo. Na tsaya baki buɗe. In sanyi ya shigo kuma wasunsu kan loda tumakin a mota a kai su bakin teku, filin atisayen sojoji na Castlemartin, su yi hunturu can sai ciyawa ta fito a dawo da su. Kaga cin rani kenan, sai dai su sanyi suke gudu.

To amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Wata safiya mun fita neman tunkiyar da ta ɓata, yayyafi ake, muka ratsa wata fadama sai na ga duwatsu a jere sun yi da'ira, guda 16, gajeru ne, yawancinsu ba su kai min ƙugu ba, can gefe kuma wasu biyu dogaye a tsaye. Gors Fawr sunan wajen. Tumaki na ta soshe-soshe a jikinsu, har gashi ya maƙale. Na ce wa ya jera? Ya ce mutanen da, shekara wajen 4,000. Ya faɗa ne kamar yadda za ka ce min ga rijiyar kakanmu. Daga nan ya nuna min tsaunin da ke samanmu, ya ce duwatsun nan da ke can Stonehenge na Ingila, wata shahararriyar da'irar manyan duwatsu ta mutanen da, ƙananan ciki da ake ce wa shuɗɗa, daga nan aka ɗauke su. Tun 1923 wani masanin duwatsu H. H. Thomas ya gano haka, daga baya masu tonon tarihi suka haƙa a wurare biyu na yankin nan, Carn Goedog da Craig Rhos-y-felin, suka ce a nan aka ɓamɓaro su. Tafiyar ta haura kilomita 200, kowane dutse tan biyu zuwa sama, shekara wajen 5,000 da suka wuce, ba taya ba ƙarfe. Akwai masu cewa ƙanƙara ce ta turo su a zamanin da, ni dai da na hau na ga yadda dutsen yake tsagewa da kansa dogo-dogo kamar an yanka, na fi yarda mutane ne. Na ɗauki ɗan gutsure na jiƙa, sai ya yi duhu-duhu da fararen ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Na mayar inda na ɗauka.

Af, wai da gaske ne Ango ya sayar da mashin ɗin nan? Bayan duk cika bakin? Ka gaya masa ina nan ina jiran bayani. Kai kuma na ga hotonka da babbar riga, tumbi ya fara, ba a ma kai amarya ba.

Mu koma maganar duwatsu. Abin da ya fi taɓa ni shine mutanen da suka jera su su ma manoma ne makiyaya, wato kiwon da muke yi yau a kan tudun nan tun zamanin da ake yinsa kenan. A saman tudun Foel Drygarn akwai tarin duwatsu uku na kushewa, daga baya wasu suka zo suka zagaye su da ganuwa suka zauna, har yanzu kana ganin gurbin bukkokinsu a ƙasa. Kuma mutanen nan ba sa wasa da ƙasarsu. A 1839 da kuɗin shingen hanya ya ishi manoma, ɗan ƙauyen nan ne, Twm Carnabwth, ya jagoranci maza suka sa kayan mata suka je suka farfasa shingen Efailwen, kabarinsa na nan a majami'ar Bethel. A 1946 kuma ma'aikatar yaƙi ta so ta karɓe tsaunukan gaba ɗaya ta mayar filin atisaye, a tashi manoma. Limaman cocinsu da malaman makaranta suka tsaya kai da fata har 1948 gwamnati ta janye. Dattijon yana ba ni labarin nan a kicin muna shan shayi, hannunsa duk ya faffashe saboda sanyi, sai ya yi shiru ya ce yaransa biyu duk suna birni.

Daren nan na kasa barci, gonar Baba ta bakin rafi kawai nake tunani. Na ji su Yaya na maganar a yanka filaye a sayar tunda gari ya iso. Don Allah mutumina ka je ka same shi, kai yana jin maganarka, ka ce kar a sa hannu a komai sai na zo, in kuɗi ne matsalar a ba da ita aro ko haya wannan daminar zan turo na taki. Kar ka faɗa wa Hajiya na yi maganar.

Ana kirana, wata tunkiya ta fara naƙuda kuma da alama biyu ne. Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum.